Man Shanu a Ƙarƙashin Tuwo

Da sunan Allah mai saukar da cuta, mai saukar da waraka. Sunana Idi, ɗinki nake yi a bakin kasuwar Gumel. Na rubuta wannan ne domin masu jego da masu jinyarsu. Da gangan na rubuta shi da boko, saboda akwai wata tsohuwa a wani ƙauye arewa da Sule Tankarkar da ba na so ya kai kunnenta. Wanda ya karanta ya gane ta, na haɗa shi da Allah ya riƙe bakinsa.

Sa'ade sunan matata. A kasuwar Maigatari na fara ganinta ranar wata Alhamis, tana tsugune bayan ƙwaryar nonon mahaifiyarta. Ni kuwa ƙananan littattafan nan na soyayya da ake bajewa a tabarma su suka raine ni, duk abin da na samu a ɗinki can yake tafiya. A cikinsu kullum idon yarinya fari ne kamar madara. Na ɗauka ƙarin gishirin marubuta ne, sai ranar da ta ɗago ta ce, "Malam, nono za ka saya ko kallo?" Na sayi nonon da ba na buƙata. Bayan aurenmu, in na zauna ina karanta mata, sai ta yi ta dariya tana ce mini Sarkin Littafi. Ta ce mutanen cikin littafina ba su da aikin yi, ba sa daka, ba sa ɗebo ruwa, sai suma.

Cikinta na fari ya zo a shekarar da aka canja kuɗi, shekarar da damina ta yaudare mu. Gero ya bushe a tsaye tun bai fitar da kai ba. Hanyar Maigatari ta cika da mushen shanu, har ungulu suka ƙoshi suka daina tashi in mota ta zo. Da cikin ya tsufa aka zo aka tafi da ita gidansu, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari.

Dole in faɗi wani abu game da Inna, mahaifiyarta, in ba haka ba ba za a gane sauran ba. Sa'ade 'yar fari ce, saboda haka tun da aka haife ta Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Yarinyar nan" take cewa, ko "waccan". Ba ta zama kusa da ita a gaban mutane, ba ta yaba ta, ba ta tambayarta jiki. Kunya ce irin ta mutanen da, kuma kowa yaba mata yake yi. Ni ma, da yake suruki ne, ban taɓa ganin fuskarta sosai ba. Nakan tsuguna a bayan zana in gaishe ta, ta amsa daga ciki, shi ke nan. Daga shanun da mijinta ya mutu ya bari, jar saniya ɗaya kawai farin shekarar nan ya rage mata. Da 'ya'yan gawo ta riƙe ta, da dusa, daga baya har da ciyawar rufin ɗakinta. Ɗan nonon da take samu ba ta sha, ba ta sayarwa. Kaɗa shi take yi ta tara mai a ƙoƙo, tana jiran ranar jego. A shekarar da masu hali ma ba sa ganin man shanu, tuwon Sa'ade kullum ƙyalli yake yi.

Allah ya sauke ta lafiya, aka sami mace, muka sa mata Mariya. 'Yan kwanaki bayan suna na hau keke na je dubo su. Rana ta take, ta gama cin tuwo da ƙauri ke nan, tana ba ni labarin yadda jaririyar ke murtuke fuska irin tawa, sai na ga maganar ta tsaya mata a baki. Ta dafe gefen damanta, ƙasan haƙarƙari, ta dunƙule. Zufa ta keto mata kamar an watsa ruwa.

Na ce, "Mene ne?"

Ta ce, "Yi a hankali, kada a ji." Can ta ce, "Kamar ana tura mini taɓarya daga nan, tana fita ta allon kafaɗa."

Ta yi amai har ya koma kore. Ciwon bai sake ta ba sai bayan la'asar, kuma da ya sake ta sai ya zama kamar ba a yi ba. Ta tashi ta ba yarinya nono, har da tsokanata wai fuskata ta fi tata nuna ciwo. Wannan shi ne mugun halin cutar nan. Takan zo ta tafi, ta bar mutum yana ce wa kansa ta wuce.

A mako na biyu ciwon ya dawo, ya kuma dawowa. Masu dubiya suka cika gida, kowa da nasa sanin. Tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ta, aka ƙara wa ruwan wanka zafi, aka ƙara kanwa a kunu. Wata ta ce mataccen jini ne ya kwanta, aka kira wanzami ya kafa mata ƙaho a daidai wurin, ya bar mata tsage a jere. Ban raina kowa ba, don kowa da ƙafarsa ya tako cikin yunwar nan, wasu da ɗan abin hannunsu. Amma duk shawarar da aka kawo, da magana ɗaya take ƙarewa: "Ta rame fa. A ƙara mata mai." Babu wanda ya lura cewa ciwon bayan cin abinci yake zuwa, ni ma ban lura ba. A littattafaina, in masoyiya ta kwanta, ganin masoyi ke tashinta. Sai na yawaita zuwa, ina tafe da balangu mai kitse a ƙunshe.

Ranar da tsoro ya fara kama ni, a bakin ƙofar ɗakinta ne da hantsi. Ta ɗago ta dube ni cikin haske, na ga idon nan da na saya da ƙwaryar nono ya sauya. Farin ya tafi. Wani rawaya-rawaya ya maye gurbinsa, kamar farin yadi da ya daɗe a rana. Ta ce jikinta ƙaiƙayi yake yi har tana jin kamar ta yage fatar, fitsarinta kuma ya koma kamar baƙin shayi. Gida ya ɗauka, shawara ce, shawara ce. Aka jiƙo saiwoyi.

Na je na sami yayata, Yaya Kande, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu. Mace ce mai baki, ba ta tsoron kowa. Ta ce, "Mai jego ba ta fita kafin arba'in, ka sani. Amma bari in je in ji kunyar a madadinka." Ta yini a gidan Inna tana lallashi, da ƙyar aka ba mu ita.

Asibitin garinmu a shekarar nan ba wurin shiga ba ne. Layi ya fito har ƙarƙashin darbejiya, yawanci mutanen da fari ya koro daga tsallaken iyaka, mata da yara masu ƙyanda, ga ƙuda. Mun zauna tun hantsi har inuwa ta juya. Na yi ta ƙorafi a raina, amma da aka zo kanmu sai na ji kunyar ƙorafin, don malamin asibitin da ya duba ta ko ruwa bai sha ba tun safe. Ya sa yatsunsa a ƙasan haƙarƙarinta na dama ya ce ta ja numfashi. Ta fara ja, sai numfashin ya katse kamar an sare shi da wuƙa. Ya dube ni ya ce, "Wannan ba shawarar da kuka sani ba ce. Ku tafi Kano, kada ku tsaya gwada komai." Allah ya saka masa da alheri duk inda yake.

Na sayar da rediyona, muka shiga motar kasuwa, ni da ita da Yaya Kande da ke goye da Mariya.

A wani babban asibiti a Kano aka ba ta gado. Likitan da ya karɓe mu ɗan ƙasar nan ne, da kaɗan ya girme ni, siriri mai yawan tambaya. Me take ci? Da wane mai ake miya a gidansu? Akwai wanda ya taɓa irin wannan a danginsu? Ciwon kafin ciki ya fara ko bayan haihuwa? Har Yaya Kande ta gaji ta ce, "Likita, aurenta za ka yi ne? Ai da mijinta, ga shi nan tsaye kamar an dasa shi." Ya yi dariya ya ce bincike yake yi. Ya ce littattafan da ya karanta sun ce cutar nan ba ta cika kama mutanenmu ba, amma shi yana ganinta jefi-jefi, yawanci a jikin mata, kuma yana zaton wasu a ƙauye suke ƙarewa ana cewa shawara ce. Yana so ya gane gaskiyar abin.

Aka yi mata allurai, aka hana ta duk wani abu mai maiƙo. A hankali rawayar idon ta fara ja da baya. Sai da ta washe sannan suka ce za a iya ɗaukar hoton cikin, wai in shawara na jiki maganin hoton ba ya kamawa. Aka ba ta wasu ƙwayoyi ta haɗiya, washegari da safe aka shiga da ita ɗakin hoto ba ta karya ba.

Likita ya kira ni, ya ɗaga baƙar takardar hoton a jikin taga. Ya ce, "Ka taɓa tsayawa ana feɗe rago?"

Na ce sau da yawa.

"Ka san 'yar koriyar jakar nan da ke manne da hanta, wadda mahauci ke cirewa a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama?"

"Matsarmama."

"To ga ta matarka."

Na ga wata inuwa kamar ƙaramin zabira, a cikinta wasu ƙulla-ƙulla a jere kamar 'ya'yan kurna. Ya ce tsakuwa ce, jiki da kansa yake haɗa ta, kuma ciki da haihuwa kan taimaka mata. Daga nan ya faɗi maganar da har yau take kunnena. Ya ce, "Jakar nan ƙofa ɗaya gare ta, kuma ƙofar ƙarama ce. Duk sa'ad da mai ya shiga ciki, jakar matsewa take yi don ta zubo ruwanta. In ta matse, sai ta turo tsakuwa bakin ƙofa. Wancan karon ta toshe, ta kauce. Wata rana za ta toshe ta ƙi kaucewa."

Na ce, "Ba maganin da zai narkar da ita?"

Ya ce ya karanta ana gwajin wani a ƙasashen Turawa, amma ba a gama sanin amfaninsa da illarsa ba, ba kowace tsakuwa yake ci ba, yakan ɗauki lokaci mai tsawo, kuma bai iso nan ba. Ya ce an ma fara maganar wata na'ura da ke ganin cikin mutum ba sai ya haɗiyi komai ba. "Wataƙila 'yarka ta same su. Matarka kam sai aiki, a cire jakar gaba ɗaya." Sai dai ba yanzu ba. Wurin a kumbure yake, jininta kuma ya yi ƙasa ƙwarai. Ya ce mu koma gida 'yan makonni, kumburin ya sauka, ta sha maganin ƙarin jini, ta yi ƙarfi, sannan mu dawo. Ya riƙe hannuna ya ce, "Abu biyu. Ta ci ta yi ƙarfi. Kuma ban da mai, ko ɗigo."

Na so in wuce da ita Gumel. Yaya Kande ta ce, "Kana hauka? An ba mu aron mai jego, mu ƙi mayarwa? Ka raba uwa da 'yarta ba ta gama wanka ba, da wane ido za ka dubi mutanen garin?" Sa'ade ma ta ce gida za ta koma. Muka mayar da ita.

Saƙon likita ba ni zan kai wa Inna ba, suruki ba ya koya wa surukarsa girki. Yaya Kande ce ta shiga. Ina daga waje ina jiyo su. Yayata da ba ta tsoron kowa, da ta zo gaban tsohuwar da ta ciyar da saniya da rufin ɗakinta, sai bakinta ya yi laushi. Na ji tana cewa, "Likita ya ce a kula da ita ta yi ƙarfi sosai. Man nan kuma, Inna, a ɗan sassauta."

Inna ta ce, "To."

Da na koma bayan 'yan kwanaki, na tarar da akushi a gaban Sa'ade, mai ya kwanta a kan miyar kuka yana sheƙi. Na ce, "Sa'ade, me likita ya ce?"

Ta ce, "Na ji abin da ya ce. Tun asuba Inna ta tashi ta kaɗa shi. In mayar mata da shi in ce me?"

"Ki ce zai kashe ki."

"Kai je ka faɗa mata, Sarkin Littafi. Ai ka iya magana."

Na tashi na je bayan zana na tsuguna. Na yi gaisuwa, ta amsa. Maimakon in tashi kamar kullum, sai na zauna. Na ce, "Inna, a gafarce ni, zan yi rashin kunya. Likita bai ce a rage ba. Cewa ya yi a bari ɗungum. Akwai tsakuwa a cikinta, mai ne yake tayar da ita."

Na ji motsin saniyar a turke. Can ta ce, ba da ni take ba, da zanar take, "Ya ce ta yi ƙarfi?"

"Ya ce."

"Da me mai jego ke yin ƙarfi?"

Na ce da wake, da zogale, da nama marar kitse, da ƙwayoyin da aka ba ta. Sannan ta ce, "An ji."

Na hau kekena ina jin kamar jarumin da ya ci yaƙi. Daga ranar ban sake ganin ɗigon mai a abincin Sa'ade ba. Duk zuwan da na yi sai na leƙa akushi, miya a bushe, tuwo fari fat. Kumatunta suka fara cikowa. Wani lokaci nakan ga ta yi shiru ta dafe gefe, in na tambaya ta ce zama ne ya gajiyar da ita. Na yanka mata atamfa na ɗinka rigar da za ta sa ranar da za a sallamo ta bayan aiki. Na yi mata aiki a wuya da zare mai ruwan ganye, na rataye ta a shago inda zan riƙa ganinta.

Ana saura 'yan kwanaki mu koma Kano, ina kan keken ɗinki da azahar, wani direban a-kori-kura da ke bin hanyar ƙauyensu ya tsaya a ƙofar shagona ko mota bai kashe ba. Ya ce, "Tela, rufe shagon nan."

Lokacin bazara ne, ƙasa tana ƙona ƙafa ta cikin takalmi, amma na same ta a lulluɓe da bargo tana karkarwa har haƙoranta suna haɗuwa. Idon ya wuce rawayar farko, ya koma kamar kwaiduwar ƙwai. Tafin hannunta ma haka. Wannan karon ciwon bai sake ta da la'asar ba, tun jiya yake riƙe da ita. Mata sun cika tsakar gida. Inna tana can gefe ta ba mu baya, tana goye da Mariya, tana ta gyara igiyar saniyar da ba abin da ya same ta. Har muka ɗauki 'yarta muka sa a mota ba ta juyo ba. Kunya ba ta bar ta ba.

Direban ya yarda ya kai mu har Kano. Yaya Kande tana gaba, ni ina baya a kan buhuna, kan Sa'ade a cinyata, na kare mata rana da rigata. Mun wuce Gumel da kaɗan ta buɗe ido.

Ta ce, "Zan gaya maka wani abu, amma sai ka rantse ba za ka faɗa mata ba."

"Wa?"

"Inna. Rantse."

Na rantse.

Ta ce, "A ƙasa take sa shi. Sai ta zuba man a gindin akushi, ta ɗora tuwo a kai. Don kada ka gani ranka ya ɓaci. Ta ce kai yaron kirki ne, ba ta so ka ga kamar ta raina maganarka."

Na ji kamar motar ta kife da ni. Na ce, "Ke kuma kika ci? Sa'ade, kin ga hoton nan da idonki!"

Ta ce, "Na gani." Ta huta, sannan ta ce, "Kai kana da littafi, kana da baki, kullum sai ka gaya mini. Ita ba ta taɓa gaya mini ba. Ko sunana ba ta taɓa faɗa ba. In na kai hannu ƙasan tuwon nan na ji ɗuminsa, shi ke nan abin da take ce mini. Kaɗan nake ci, wallahi. Na ɗauka kaɗan ba zai yi komai ba."

Duk maganganun da na haddace a littattafai, babu ɗaya da ta zo mini.

Likitan nan yana ganinta fuskarsa ta sauya. Ya ce tsakuwa ta fita daga jakar ta toshe babbar hanya, ruwan ya taru ya ruɓe, dafin ya shiga jini. Ba sauran jira. Aka nemi jini, na bayar, Yaya Kande ta bayar, direban da ba dangin iya ba na baba shi ma ya naɗe hannun riga. Sun yi aikin. Ta farfaɗo har ta tambayi Mariya, ta ce in tabbata ana ba ta nonon jar saniya. Amma zazzaɓin ya ƙi sauka, fitsari ya ɗauke. Ma'aikatan sun yi iyakar yinsu, na shaida. Ranar Juma'a da hantsi, ana share ɗakin, Allah ya karɓi abarsa.

Kafin mu tafi likita ya kira ni. Ya nuna mini tsakuwar a cikin 'yar kwalba. Ko girman gujiya ba ta kai ba. Na gaya masa zancen akushi, na ce ya faɗa mini gaskiya. Ya daɗe yana juya kwalbar. Ya ce, "Ba zan ce maka mai ne ya kashe ta ba. Tsakuwar ta riga man zuwa, kuma takan motsa ko an kiyaye. Amma ba zan ce maka ba ruwansa ba." Ya roƙe ni in bar masa ita, ya ce yana tara su ana aunawa, ko a gane da me irin tamu take haɗuwa. Na bar masa. Ina roƙon Allah ya sa wata ta tsira ta dalilinta.

To jama'a, ga abin da na sani yanzu. Ciwon da ke kama gefen dama bayan an ci maiƙo, ya haura kafaɗa, ya tafi ya dawo, ba sanyi ba ne, kuma ƙaho ba ya zuƙo shi. In ido ya sauya, ko zazzaɓi mai karkarwa ya biyo baya, kada a jira gari ya waye. In likita ya ba da saƙo, a ɗauki mai girkin a kai ta gabansa ta ji da kunnenta, ta ga hoton da idonta, don saƙo in ya bi ta bakin masu kunya laushi yake yi a hanya. Kuma mai duba akushi ya duba har ƙasa.

Bayan an share makoki na je ƙauyen ganin Mariya, don a hannun Inna ta zauna. Na tsuguna a bayan zana kamar kullum. Na yi sallama, ban ji an amsa daga ciki ba. Sai na ji tafiya. Inna ta zagayo ta tsaya a gabana, babu mayafi a fuskarta. Ranar na fara ganinta sosai. Idonta irin na 'yarta ne sak.

Ta durƙusa har gwiwarta ta taɓa ƙasa, ita da ta haifi matata. Bakinta ya yi ta motsi kafin maganar ta fito.

Ta ce, "Sa'ade." Ta tsaya, kamar sunan ya ƙone mata harshe. "Sa'ade ta gaya maka wani abu a hanya?"

Na ce, "Ta ce a riƙa ba Mariya nonon jar saniya."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Inna."

Ta dubi ƙasa. Ta ce, "Man nan ne?"

Na tuna rantsuwar da na yi a bayan mota. Na ce, "Tsakuwa ce, Inna. Na gan ta da idona. Likita ya ce tun kafin haihuwa take ciki."

Ta daɗe tana kallona. Ban sani ba ko ta yarda, har yau ban sani ba. Ta miƙe ta shiga ciki, ta dawo da akushi a rufe da faifai, ta ajiye a gabana da hannunta, ta koma bayan zanarta.

Tuwon gero ne da miyar kuka, a bushe, ba ɗigon komai a kai. Na yi bisimilla na fara ci. Da na kai tsakiya sai yatsuna suka nutse cikin wani abu mai ɗumi.

Ina jin numfashinta ta cikin zana, tana jira. Na cinye shi tas, na suɗe akushin.